Wuni a gandun inabi

Daga birnin Dijon zuwa kudu, a gabashin Faransa, akwai wani gangaren tudu mai tsawon kimanin kilomita 60, wanda faɗinsa a wurare da dama bai kai kilomita 2 ba. Yana fuskantar gabas, rana tana faɗa masa tun da hantsi. Ƙasarsa tsakuwa ce da yumɓu a kan dutsen alli, irin wadda manomin gero zai duba sau ɗaya ya wuce. A wannan siririn yanki ana noman inabin da ake yin giyar Burgonyi da shi, kuma hekta guda ta gonakinsa mafiya daraja takan kai miliyoyin yuro. A shekarar 2015 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan gadon duniya, abin da ta ambata kuwa shi ne gonakin kansu: filaye 1247, kowane da iyakarsa, kowane da sunansa. Mutanen wurin suna kiran irin wannan fili « climat », kalmar da sauran Faransawa suka sani da ma'anar yanayin sama, su kuwa suke nufin yanki na ƙasa da ita.

Wani ɗalibi ɗan Tasawa, mai karatu a jami'ar Dijon, ya shekara biyu yana hangen wannan gangare ta tagar jirgin ƙasa, bai taɓa taka shi ba. Da aka shirya wa ɗalibai baƙi ziyarar gandun wani iyali a wani ƙauye kusa da garin Beaune, a farkon watan Satumba, ƴan kwanaki kafin girbi, sai abin ya tsaya masa a rai. Bai taɓa shan giya ba, ba shi kuma da niyyar farawa. Cikin ƴan ƙasarsu da ya yi wa maganar, wani ya ce masa Musulmi ba shi da abin nema a gidan da ake matsa giya, wani kuma ya ce tafiya mabuɗin ilimi. Bai raina maganar ko ɗaya ba. Amma shi ɗan manomi ne, yana so ya ga irin ƙasar da ake yi wa wannan tsada, ya ji abin da masu ita ke cewa a kanta. Ya yanke wa kansa iyaka: zai shiga gona, zai sauka rumbu, zai saurara, ba zai kai kofi bakinsa ba. Ya rubuta wa masu gidan haka tun kafin ranar, don kada ya ba su kunya a gaban baƙi. Amsar ta zo daga ƴar mai gidan, layi biyu: ya zo, inabi ya nuna a kan kurangarsa, ba zai rasa abin ɗanɗanawa ba.

Mai gidan tsoho ne da ya haura shekara saba'in, gajere, mai kaurin yatsu. Ƴarsa ce ke riƙe da aikin yanzu. Ƴaƴansa maza biyu suna birni, kowa da sana'arsa. Gandun duka hekta takwas ne, a warwatse wuri ashirin da ƴan kai, cikin ƙauyuka uku. Wani yankin sahu shida ne kawai na kuranga, a tsakanin sahun maƙwabta biyu, ba shinge, ba alama, sai dai kowa ya san inda nasa ya tsaya. Tsohon ba ya lissafi da hekta. Da « ouvrée » yake yi, wato gwargwadon abin da mutum ɗaya ke iya nomewa da fartanya a wuni, murabba'in mita 428, kusan kashi ɗaya cikin 24 na hekta. An daɗe da ajiye fartanyar, ma'aunin ya zauna a bakin mutane.

Ya ja baƙin zuwa wata ƴar hanya da ba ta fi faɗin amalanke ba, ya tsaya a tsakiyarta. Sama da hanyar gonarsa ce, ƙasa da ita ma gonarsa ce. Irin inabin ɗaya ne, baƙin nan da ake kira « pinot noir », hannun da ya datse rassan ɗaya ne, ruwan saman da ya sauka ɗaya ne. Ya duƙa ya damƙo ƙasar sama, ja ce mai tsakuwa, ya ce ko kamu biyu ba za a haƙa ba za a ci karo da dutse. Ya damƙo ta ƙasa, ta fi duhu, ta fi nauyi, tana riƙe ruwa. Doka ta jera gonakin yankin hawa-hawa, daga giyar da ke ɗaukar sunan Burgonyi kawai, zuwa mai sunan ƙauye, zuwa « premier cru », zuwa « grand cru » guda 33 da ke can ƙololuwa. Gonar sama tana hawa na uku, ta ƙasa tana na biyu, kuma kwalbar ta sama ta ninka ta ƙasa a kuɗi.

Sunayen filayen, in ji tsohon, su ne littafin farko da aka rubuta a kan wannan ƙasa. Ya kawo misalai daga shahararrun gonakin gangaren. « Les Perrières » wurin fasa dutse ne. « Les Grèves » ƙasa ce mai tsakuwa da rairayi. « Les Épenots » daga ƙaya ya samo suna. « Montrachet » tudu ne mai sanƙo, « Chambertin » kuwa gonar wani mutum ce mai suna Bertin, wanda babu abin da ya rage nasa sai wannan. Da yawa cikin iyakokin tun zamanin ƴan zuhudun Kirista suke, musamman na gidan Cîteaux da aka kafa a 1098, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna noma wuri ɗaya suna lura da abin da kowane lungu ke bayarwa. Su ne suka kewaye Clos de Vougeot da katanga. Sunan fili yana da ƙarfin da har ƙauyuka suka riƙa aro daga gonakinsu: a 1847 ƙauyen Gevrey ya zama Gevrey-Chambertin.

Nan ɗalibin ya yi ɗanɗanonsa na farko. Tsohon ya tsinko ƴaƴan inabi daga sama da hanya da ƙasa da ita, ya zuba masa a tafin hannu biyu, ya koya masa yadda manomi ke cin inabi idan yana neman sanin ranar girbi. A fara matse tsokar da harshe a ji zaƙi da tsami. Sannan a tauna ɓawon shi kaɗai, a daɗe ana taunawa. A ƙarshe a fito da ƙwayoyin a duba: kore alamar saura, masu launin ƙasa da ke fashewa ƙaras a haƙori alamar an kusa. Ruwan da ya fito daga baƙin inabin fari ne tas. Launi duka a ɓawo yake. Ƴaƴan sama sun fi ƙanana, ɓawonsu ya fi kauri, kuma bayan ya tauna shi sai ya ji bakinsa ya ɗaure, harshe yana kama dasashi. Na ƙasa sun fi ruwa, sun fi sauƙin ci. Ya lura da bambancin, ya kuma lura cewa an gaya masa abin da zai ji kafin ya ji shi.

A gindin kowace kuranga, dab da ƙasa, akwai wani ƙulli. Ɗalibin ya gane shi tun kafin a yi bayani, domin ya san mangwaro mai aure. Tsohon ya tabbatar masa: duk kurangar da ke gangaren nan, kanta na Faransa ne, saiwarta ta Amurka. Wani ƙaramin ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo Turai daga Amurka a shekarun 1860, ya iso Burgonyi a 1878, yana cin saiwa a ɓoye har kuranga ta bushe. An gwada magunguna iri-iri ba su yi ba. Abin da ya ceci noman shi ne aurar da irin gida a kan saiwar inabin Amurka, wadda ta saba da ƙwaron. Sai da aka tumɓuke gonaki aka sake dasa su ɗaya bayan ɗaya. A wannan zamanin na karyewar farashi ne kakan tsohon, wanda ɗan ƙwadago ne a gonar wasu, ya sayi gonar da ke sama da hanya.

Abin da ke hana ƴarsa barci yanzu sama ce. Garin Beaune yana da rubutattun ranakun fara girbi tun daga 1354, kuma masu binciken da suka jera su sun gano cewa daga 1988 girbi ya matso gaba da kwana 13 a matsakaici, idan aka gwada da ƙarni shida da suka gabata. Tsohon ya ce yana yaro sai ƙarshen Satumba ake shiga gona, wani lokaci har Oktoba. A 2003 da 2020 cikin Agusta aka shiga. Zafin da ke gaggauta nunar inabi shi ne kuma ke sa kuranga ta yi toho da wuri, tun sanyi bai gama tafiya ba. A farkon Afrilun 2021, bayan kwanakin ɗumi, aka yi darare na sanyin da ke daskarar da raɓa. Ita da mijinta da mahaifinta suka jera gwangwanayen kyandir a tsakanin sahu suka kunna, suka kwana a tsaye, gangaren duka yana ƙyalli kamar gari. Da gari ya waye tohon ya yi baƙi. A gonakinsu na farin inabi, in ji ta, ko rabin abin da suka saba samu ba su tsinka ba a shekarar.

Daga gona aka sauka rumbu, ta wasu matakan dutse da ƙafa ta cinye tsakiyarsu. Sanyin wurin yana wajen digiri 12 zuwa 14, rani da damina. Gangunan itace suna kwance sahu biyu, kowace lita 228, wato kwalba 300 da ƴan kai, kuma a fuskar kowace an rubuta sunan filin da alli. Ƴar mai gidan ta bayyana aikin a taƙaice. Ana zuba inabin a manyan tukwane da ɓawonsa, yisti ya cinye sukari ya mai da shi barasa da wata iska mai nauyi, kamar yadda Louis Pasteur ya nuna, shi da ya fitar da littafinsa kan giya a 1866. Iskar tana taruwa a ƙasa, ba ta da launi, tana kashe mutum, shi ya sa mutanen da suke sauka da kyandir a hannu: in ya mutu, sai a koma sama. Bayan mako biyu zuwa uku a matse, a zuba a ganga, a jira wata 12 zuwa 18, ana cika abin da itace ya tsotse. Wannan jiran suna kiransa « élevage », kalmar da ake amfani da ita ga kiwon dabbobi. Inabin kowane fili a ware yake tun daga kwando har kwalba, ko da ganga biyu kawai ya bayar.

Aka raba kofuna. Shi aka miƙa masa nasa da ruwan inabin da aka matse da safiyar nan don auna sukari, mai kauri, mai zaƙi kamar zuma da ɗan tsami a bayansa. Ya koma gefe ya jingina da bango, yana kallo yana saurare. Matar ta zuƙo giya daga ganga da wani bututun gilashi ta ɗiga wa kowa. A duba, a juya kofin, a shinshina, a kurɓa, a wasa da shi a baki, a tofar cikin bokiti. Ita ba ta haɗiye ko sau ɗaya ba. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne maganar da ke tafiya tare da kofin. Launin giya « riga » ce a bakinsu, ƙamshinta « hanci », ɗanɗanonta « baki », abin da ke gangarowa a jikin kofi « hawaye » ko « ƙafafu ». Tana da jiki, tana da ƙashi, tana da tsawo, takan rufe, takan buɗe. Ƙamshin kuwa ba shi da sunan kansa, sai an aro na wani abu: ƴaƴan itacen lambu, jiƙaƙƙen ganye, fata, hayaƙi. Wata ɗaliba ƴar Japan da wani ɗan Barazil suka shinshina kofi ɗaya, kowa ya ambaci abin da ya ci yana yaro, babu wanda ya san na ɗan'uwansa.

Masana sun daɗe suna shakkar wannan magana. Adrienne Lehrer, masaniyar harshe ƴar Amurka, ta nuna a littafinta na 1983 cewa sau da yawa mutum ba ya iya gane giyar da wani ya siffanta masa daga siffantawar kaɗai. A 2001 wasu masu bincike suka rina farar giya da jan launi mara ƙamshi suka ba ɗalibai 54 masu koyon ilimin giya a Bordo, ɗaliban suka siffanta ta da kalmomin jar giya. Ɗalibin ya tambayi matar ko ta san wannan gwaji. Ta yi dariya ta ce ta sani, kuma da ita aka yi wa da ta faɗa. Amma a cikin rumbunta, ta ce, tana bambanta gangar sama da ta ƙasa ido rufe, kamar yadda makiyayi ke bambanta shanunsa, domin ta shekara ashirin tana ɗanɗana su kowane mako kusa da mahaifinta, yana faɗar kalma tana haɗa ta da abin da ke bakinta. Kalmomin suna aiki tsakanin mutum biyu da suka daɗe suna ɗanɗana abu ɗaya tare. Baƙo yana jin sautinsu ne kawai.

Wuri ɗaya ta sha wahalar bayani. Tana so ta fahimtar da baƙin abin da ake kira « tanin », ta ce yana busar da baki, ta kawo misalin shayin da ya daɗe a wuta, wasu suka ce ɗaci take nufi, ta ce a'a. Ɗalibin ya tuna ɓawon da ya tauna a gona. Ya ce a harshensu wannan yana da suna wanda ko yaro ya sani, dabam da ɗaci, dabam da tsami: bauri. Shi ake ji a goro da ɗanyen ɗan itace, shi ne kuma ke cikin bagaruwar da majema ke jiƙa fata da ita. Tsohon ya ɗago kai. Ya ce ai kalmar tasu ma daga jima ta fito, domin « tan » shi ne dakakken ɓawon itacen da majeman Faransa ke aiki da shi. Ya sa aka maimaita masa kalmar sau biyu, ya gwada faɗarta, ra ɗin ta maƙale masa a maƙogwaro.

Da sauran baƙin suka hau sama sayen kwalabe, ɗalibin ya yi tambayar da ta zauna masa tun a gona.

« Mushe, bayanku wa zai riƙe gandun? »

Tsohon ya dubi ganga. Ƴarsa ce ta amsa. Tun dokar 1804, ta ce, ƴaƴa suna da hakki daidai a gadon iyayensu, shi ya sa gonakin nan suka zama gutsattsari. Clos de Vougeot, da yake hannun gida ɗaya har juyin juya halin 1789, hekta 50 ne, yau masu shi sun kai tamanin. Wannan tsohon labari ne, an saba da shi. Sabon shi ne kuɗi. A 2014 kamfanin LVMH ya sayi Clos des Lambrays, a 2017 iyalin attajiri François Pinault suka sayi Clos de Tart, kuma duk lokacin da aka yi irin wannan ciniki, darajar gonar maƙwabci a takarda takan hau, alhali inabin da take bayarwa bai ƙaru da ƙwaya ɗaya ba. Harajin gado a kan darajar takarda ake lissafa shi, kuma hawansa na sama ya kai kashi 45 cikin ɗari. Akwai sassauci ga gonar da aka ba da haya ta dogon lokaci, amma bai share matsalar ba. Ƴan'uwanta ba mugaye ba ne, suna da ƴaƴa, suna da bashin gida, rabonsu hakkinsu ne. Ita kuwa ba ta da kuɗin da za ta fanshi kashi biyu cikin uku. Ko dai su yarda su bar mata rabonsu haya, ko a sayar da fili ɗaya a ceci sauran, kuma filin da kuɗinsa zai isa guda ne: na sama da hanya.

« Baba, gara a yi maganar kana nan, » ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba.

« Bayan girbi, » in ji shi. Daga yadda ta sunkuyar da kai, an ga cewa ba bana ya fara ba da wannan amsa ba.

Ɗalibin bai buƙaci a fassara masa wannan shirun ba. Gandun kakansa a ƙasar Tasawa an raba shi tsakanin mahaifinsa da baffanninsa, kuma rabon mahaifin nasa yana jiran a sake raba shi. Can yawan bakuna ne ke yanka gona, nan yawan kuɗi. Mahaifinsa ya san inda jigawa ta ƙare geza ta fara, ya san kusurwar da ake fara shuka da ruwan farko da wadda ake jira sai ƙasa ta sha, ya san gawon da ba a sarewa da dalilin barinsa. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a takardar gona. Wanda ya sayi fili yana samun ƙasa da suna, amma shekarun da aka yi ana lura da shi suna kan wanda ya sayar, kuma da shi suke tafiya.

Matar ta san haka, shi ya sa ta ajiye wani kundi a kan ganga ta farko kusa da matakala. Duk lokacin sanyi, idan suna datsar rassa, takan sa mahaifinta ya yi magana a kan filin da suke ciki, da dare ta rubuta: inda ruwa ke kwanciya, sahun da sanyi ke fara kamawa, shekarar da aka dasa kowane ɓangare da irin saiwar da aka aura masa, wanda ke nuna kwana uku kafin maƙwabcinsa. Ta nuna wa ɗalibin shafukan. Ta gama filaye goma sha huɗu. Na sama da hanya ta bar shi sai ƙarshe, domin duk lokacin da ta tambaya tsohon yakan ce wannan ai ta riga ta san shi.

Da la'asar, lokacin da motar ɗalibai ke shirin tashi, uban da ƴar suna tsaye a bakin ƙofa suna gardamar ranar fara girbi. Ita tana riƙe da takardar awon sukari da na tsami, tana cewa Asabar. Shi yana duban gajimaren da ke taruwa ta yamma, yana tauna ƙwayar inabi, yana cewa Alhamis, kuma daga gonar sama za a fara.